Sharhi kan bindigata ta farko ta farautar manyan namun daji

Ga wanda yake zaune a jihar Kolorado ta Amurka kuma ba shi da halin sayen bindiga fiye da ɗaya, zaɓin harsashi shi ne abin da ya fi cin rai, domin bindigar da za ta kayar da barewa a fili ita ce kuma ake so ta kayar da elk a kan tsauni, wata babbar dabba mai ƙaho dangin barewa da namijinta ke haura kilo 300, wato ya kai gwanki girma ko ma ya ɗara shi. Dokar jihar ba ta yarda a harbi elk da harsashin da kaurinsa bai kai inci .24 ba, ko wanda nauyinsa bai kai giren 85 ba (giren ma'auni ne na nauyin harsashi), amma wannan mafi ƙaranci ne kawai, kuma tsofaffin mafarauta ba su cika tsayawa a nan ba. Matasa sun yi ta yi mini tallar harsashin 6.5 Creedmoor da aka ƙirƙiro a 2007 saboda sauƙinsa a kafaɗa, wasu kuma suka dage cewa sai .300 Winchester Magnum. Ni dai na tsaya a kan .30-06 Springfield, wanda sojan Amurka ya fara amfani da shi a 1906, domin yana ɗaukar harsashi mai giren 150 don barewa da mai giren 180 don elk, kuma da wuya ka shiga kantin kayan farauta a garuruwan Craig ko Meeker ka rasa shi a kan kanta. A kan wannan zaɓi ba ni da ƙorafi ko kaɗan, kuma shi zan sake ba duk ɗan'uwan da ya nemi shawarata.

Bindigar da na ɗauka mai sakata ce da ake ja da hannu, ƙotarta ta roba, nauyinta bai cika kilo 3 ba, kuma irin wadda kantin ke sayarwa haɗe da madubin saiti da ma'aikatansa suka ɗaura. Kowa ya san rangwamen da ake samu a irin wannan haɗi. Da na je karɓa bayan kwana uku na jira da dokar jihar ta tanada tun 2023, mai kantin ya tabbatar mini cewa an ɗaure madubin yadda ya kamata, abin da ya rage kawai in je in daidaita saiti. A filin gwaji ta ba ni mamaki ƙwarai. Kunamarta tana saki ba tare da jan ƙafa ba, sakatar tana tafiya sumul, kuma daga nisan yadi 100 harsashi uku suka taru a wurin da kwabo ɗaya zai kusan rufewa. Na dawo gida ina ta yabonta a gaban duk wanda ya saurare ni.

A lokacin farautar elk da bindiga, a ƙarshen Oktoba, muka hau tsaunukan Flat Tops ni da wani maƙwabcina Ba'amurke da ya daɗe a harkar. Hanyar mota duk gargada ce da duwatsu, daga nan kuma sai tafiyar ƙasa a cikin dusar ƙanƙara. Da la'asar sakaliya wani namijin elk mai cikakken ƙaho ya fito bakin kurmin itatuwan aspen ya tsaya a gicciye, kansa na fuskantar hagu. Na'urar auna nisa ta nuna kimanin mita 170, babu iska, na kwanta ruf da ciki na ɗora bindigar a kan jakata, na saita daidai bayan karfata inda huhu yake, na yi bisimilla na saki. Mai farauta ba ya samun dama da ta fi wannan, kuma harsashi mai giren 180 da ke fita da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa ba ya kauce wa hanya a irin wannan tazara. Amma maimakon dabbar ta zabura ta yi ɗan gudu ta faɗi, sai ta gantsare, ta ƙanƙance ciki, ta juya a hankali ta shige kurmi tana ɗaga ƙafa da ƙyar.

Da muka isa wurin da ta tsaya, abin da muka gani a kan farar ƙanƙara shi ne jini kaɗan, baƙi-baƙi, gauraye da toroso mai kore, ga warin tumbi. Jinin huhu ja ne fayau mai kumfa, wannan kuwa alama ce ta cewa harsashin ya shiga kwiɓi ya fasa ciki. Maƙwabcin nawa ya ce kada mu bi ta, domin dabbar da aka harba a ciki takan kwanta kusa idan ba a tayar da ita ba, idan kuwa aka matsa mata sai ta yi nisan da ba za a ƙara ganinta ba. Ga shi rana ta faɗi, doka kuma ta hana harbi da zarar an wuce rabin awa bayan faɗuwarta. Muka koma tanti na kwana ban runtsa ba, ina tunanin rai yana can cikin sanyi yana shan azaba a sanadina. Da gari ya waye muka bi sawu muka same shi a gindin wani itace ya riga ya mutu, harsashin ya shiga kusan kamu ɗaya a bayan inda na saita. Fatar elk tana da kauri, tana riƙe zafin jiki ko da ana ƙanƙara, saboda haka naman gefen da ya kwanta a kai ya fara tsami tun daga ƙashin cinya.

Sauran naman muka fito da shi a bayanmu, domin dokar Kolorado ta haramta a bar naman da zai ciwu ya lalace a daji. Da na sami layin waya na kira limaminmu na ce, "Allah gafarta Malam, na yi bisimilla na harba, amma dabbar ta kwana ban gan ta ba, yaya hukuncin namanta?" Ya amsa mini da cewa a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, abin farautar da makaminka ya kashe halal ne matuƙar bai kwana a ɓoye gare ka ba, idan kuwa ya kwana to a bar shi. Haka maƙwabcina ya kwashe naman gaba ɗaya, ni kuwa na dawo wa iyalina hannu rabbana, ga lasisin shekarar ya tafi, tunda dabba ɗaya ya ba ni izinin kashewa.

Ranar da na dawo gari na koma filin gwaji, sai ga harsasan suna sauka kusan taƙi ɗaya zuwa dama, kuma a warwatse. Wani dattijo mai gyaran bindiga ya riƙe madubin da yatsu biyu ya girgiza, na ji wani ɗan ƙas-ƙas da kunnena. Da ya kwance zobban ya kai ga mazaunin madubin, sai ya nuna mini notin gaba: ya yi tsayi, ƙarshensa ya tokari tiredin bututun bindigar har ya yi ƙyalli, saboda haka mai ɗaurawa zai ji kamar ya ɗauru tam alhali bai danne mazaunin ba. Ramukan sauran kuma cike suke da man da aka shafa a masana'anta, ba a goge ba. Muddin na bayan suna riƙe, saiti yana nan daidai, shi ya sa ta yi kyau a gwajin farko. Da dukan harsashi da jijjigar mota suka sassauta su, madubin ya zame. Ya goge notin da magagari, ya wanke ramukan, ya ɗiga musu maganin hana kwancewa, ya ɗaure kowanne da abin ɗauri mai ma'auni. Aikin bai kai rabin awa ba.

Na koma kantin da takardar gwajin a hannuna da bayanin dattijon. Ba a ba ni haƙuri ba. Abin da aka ce mini shi ne ɗaurin madubi kyauta suke yi, ba ya cikin garanti, kuma idan ina so za su ba ni rangwame a kan sababbin zobba. Wannan amsa ta fi asarar naman ƙona mini rai, domin wanda ya sayar maka da makamin kashe rai ya ce ya ɗaure, to maganarsa amana ce, ko kyauta ya yi ko da kuɗi.

Tun daga nan kuma na fara duban bindigar da wani ido, har rashin nauyin da na yi ta yabo ya koma abin ƙorafi. Gaskiya ne tana da daɗin ɗauka a tsaunin da ya haura mita 3,000, inda numfashi ke yankewa, amma .30-06 a cikin bindigar da ba ta kai kilo 3 ba yana dukan kafaɗa kamar harbin jaki, kuma robar da aka sa a gindin ƙotar tauri gare ta. Kafin ka gama akwati ɗaya a filin gwaji kafaɗa ta yi tsami, ga siririn bututun yana zafi da wuri sai ka zauna jiran ya huce. Wannan dukan shi ne ke cin notin madubi, kuma shi ne ke koya wa sabon maharbi runtse ido kafin ya saki kunama. Da yau zan saya, da mai nauyin kusan kilo 4 haɗe da madubi zan nema, in sayi bindigar ita kaɗai, in zaɓi madubi da mazauninsa da kaina, in kai wa mai gyara ya ɗaura a gabana. Tawa dai tana nan, na sauya mata robar gindi da mazaunin madubi, kuɗin da na kashe ya cinye rangwamen nan har ya ɗora, kuma ko akwatin harsashi ban ƙara saye a wancan kanti ba.