Wasiƙa daga Manchesta: a nan waya ce ke ba ni aiki

Ƙanena, ina fatan kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso, na ga kana tambayar ko aikin kashiya a kanti zai samu idan Allah ya kawo ka. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani, sai ka auna da kanka.

Babban kantin da ke kusa da masaukina, injinan biyan kuɗi ne a jere sun kai goma, ma'aikaciya ɗaya tak ce a kansu. Kai za ka nuna wa inji kowane kaya ya karanta lambarsa, kai za ka zuba a jaka, kai za ka ɗora kati. Ita nata kawai idan jar fitila ta kunnu ta zo ta danna lambarta ta wuce. Ran da na fara zuwa sau uku tana dawowa kaina, don na ajiye jakata a kan ma'auni, injin ya ɗauka wani kaya ne ban biya ba. Kunya kamar in nutse. A gida mai shago ne ke yi maka hidima, a nan kuwa kai kake yi wa kanti aiki, ba kuma ladan ko sisi.

Tsabar kuɗi ma ta kusa zama abin kallo. Tun 2014 motocin bas na Landan suka daina karɓarta, a 2021 kuma aka ɗaga iyakar biya da taɓa kati zuwa fam 100. Rassan banki sama da 6,000 aka rufe a ƙasar tun 2015, bisa ƙidayar ƙungiyar masu sayayya ta Which?. Sauƙi kam akwai shi, ban musa ba: a kan gado na buɗe asusuna, da hoton fasfo da na fuskata.

Inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wurin aiki. A gidan ajiyar kayan da nake yi, manhaja ce ke raba ranakun aiki, wanda ya riga dannawa shi ya samu. Na'urar da ke hannuna tana ƙirga kayan da na ɗauko, tana kuma ƙirga mintocin da na tsaya. Wata asuba ina cikin bas, sanyi na ratsa ƙashi, saƙo ya shigo wai an soke aikin ranar. Wa zan kama? Na rubuta ƙorafi, inji ne ya ba ni haƙuri. Direbobin Uber, kamfanin tasi da ake kira ta manhaja, sai da suka kai har Kotun Ƙolin Birtaniya kafin ta yanke a Fabrairun 2021 cewa su ma'aikata ne, suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya.

Su ma Turawan ba duka suka haɗiye ba. A 2023 an so rufe yawancin ofisoshin sayar da tikitin jirgin ƙasa a Ingila, jama'a suka aika ra'ayi wajen 750,000, gwamnati ta janye a Oktoba. A shekarar ce kuma kantunan Booths na arewacin Ingila suka cire injinan biyan kuɗin nan daga kusan duk rassansu, suka mayar da mutane.

Don haka kada ka ɗora ranka a kan kashiya. Wanda nake gani ana nema ruwa a jallo shi ne mai gyara injin idan ya tsaya, da wanda ya iya lissafin kaya a kwamfuta. Kwas ɗin nan da ka ce za ka bari, ka daure ka ƙarasa shi, kuɗin zangon da ya rage ni zan turo ƙarshen wata. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ran Lahadi zan kira idan manhajar ba ta sa ni aiki ba.