Kafintocin ƙauye, a kula da mai tallan tsohon injin tsaga katako a waya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar katako. Ni kafinta ne a wani ƙauye na ƙasar Taura, shekarata 19 ina riƙe da zarto. Wata huɗu ke nan ina ɓoye abin da ya same ni, iyalina da mutane kaɗan kawai suka sani. Abin da ya sa na fasa shirun shi ne ranar Lahadin da ta wuce, a kasuwar Gujungu, wani saurayi kafinta ya miƙo mini wayarsa yana murna, ya ce, "Baba, duba mini wannan injin, ana so a bar mini da sauƙi." Ina kallo gabana ya faɗi. Bidiyon da aka turo mini ne, bai canza ko kaɗan ba.

Duk kafintan da ke nesa da birni ya san wahalar tsaga. Ka sayo katako a 'Yan Katako na Na'ibawa, dole a can za ka sa a tsaga maka daidai awon da ka ƙiyasta. In ka dawo gida mai aiki ya canza shawara, ko aikin rufi ya buƙaci tu-bai-tu alhali tu-bai-fo ka kawo, sai ka kama zarton hannu ka yini kana gumi, ko ka sake biyan kuɗin mota. Shi ya sa na daɗe ina burin injin tebur nawa na kaina. Kuma ba kowane iri ba. Maigidana da ya koya mini aiki a Kano yana da wani tsohon Wadkin, na kamfanin nan na garin Lesta a Ingila da aka kafa tun 1897. Teburinsa zubin ƙarfe ne, ƙarti huɗu ba sa ɗaga shi. Nauyin nan shi ke shanye girgiza, sai ka ga malaina ko maɗaci na fita sumul kamar an goge. Irin waɗannan injinan, in jikinsu lafiya yake, boris (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sanda ke juyawa a cikinsa) da bel kawai za ka riƙa canzawa har ka bar wa ɗanka. Wannan gaskiya ce, kuma da ita mutumin nan yake farauta.

A Facebook na ga tallan, muka koma WhatsApp. Ya turo bidiyon injin kore yana tsaga katako, ƙararsa daidai, ga ɗan farantin ƙarfe mai sunan Wadkin manne a gaba. Ya ce gwanjonsa aka yi daga wani wurin koyar da sana'a da aka rufe, shi kuma ba kafinta ba ne, wuri kawai injin ya tare masa. Bakinsa da zaƙi, kowace magana da "maigida" da "in Allah ya yarda". Muka daidaita a kan naira 900,000, in tura 250,000 kafin alƙalami da kuɗin mota, ragowar sai kaya sun iso. Na ce zan zo in gani da idona, ya ce yana hanyar Kaduna, kuma akwai wani da ke jira da kuɗi a hannu, don dai ya ga ni mutumin kirki ne ya riƙe mini. Na sayar da riɗin da na noma, na kai bijimina Maigatari ranar Alhamis, na haɗa kuɗin.

Sunan da ya fito a asusun da na tura wa kuɗin ba shi ne sunan da ya gaya mini ba. Ya ce na ƙaninsa ne. A nan ya kamata in tsaya.

An yi za a kawo da hantsi, ba su iso ba sai bayan magariba, a akori-kura. Shi bai zo ba, direba ne da wani yaro, suna ta gaggawa wai hanya ba kyau da dare. Na haska da fitilar waya: fenti sabo, faranti na nan, tebur na sheƙi. Na ce a gwada. Yaron ya ce, "Maigida, ai motarsa mai layi uku ce, kuna da wutar a nan?" Ba mu da ita. Motar da yake nufi ita ce ta lantarki da ke juya zarton. Wutar garinmu, ranar da ta zo, layi ɗaya ce mai ƙarfin 230, injin kuma a rubuce yake 415, layi uku. Janaretona ƙarami ne. Na kira mai kayan, ya ce, "Haba maigida, ba ka ga bidiyo ba? In ka ga matsala ko bayan wata ne ka dawo mini da kayana." Na je wurin mai POS na tura sauran.

Ku lura da wannan sosai, domin nan ne zuciyar damfarar. Ba kuskure ba ne da yake neman kafintocin ƙauye. Ya san a birni za a ja waya a kunna injin cikin minti biyar asirinsa ya tonu. Mu kuwa ya san ba mu da wutar gwaji, ya san in kaya mai nauyin nan ya sauka a ƙofar shago da dare, ga maƙwabta sun taru suna sa albarka, da wuya mutum ya ce a mayar.

Washegari na kwance motar na kai wa mai naɗin koyil a Ringim, da niyyar ya ba ni shawarar yadda zan tashe ta. Yana kallon farantin da ke jikinta ya nuna mini ƙusoshinsa: sababbi ne fil, farantin kuwa tsoho. An ciro shi daga wata motar an manna a wannan. Da ya buɗe, warin ƙuna ya bugo mu. Ya kankare wayar koyil da wuƙa, sai ga fari a ciki. Alminiyam ce aka shafa wa launin jan ƙarfe, ita ma ta riga ta ƙone. Ya ce ko an sake naɗa ta, ƙarama ce, ba za ta ja faifan zarto mai inci 12 a cikin katako mai kauri ba.

Na dawo na bi sauran injin da rana tsaka. Boris ɗin sandar da ke juya zarto an cusa masa giris mai kauri don kada a ji kukansa. Da na wanke da kananzir, sandar sai kaɗawa take a hannuna. Na kafa fensir kusa da gefen faifan na juya a hankali, yana taɓawa a wuri ɗaya yana saki a wani: sandar ta lanƙwashe. Amma abin da ya sa na zauna a ƙasa na yi shiru shi ne ƙarƙashin tebur. Ƙarfen da ke riƙe da sandar, wanda ake murɗawa zarto ya hau ya sauka, ya tsage kusan rabi. An cike tsagar da filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, an goge, an bi da fenti.

Ba kuɗina kaɗai mutumin nan ya taɓa ba. Faifai mai inci 12 in yana juyawa sau 3,000 a minti, haƙoransa na gudun da ya haura kilomita 170 a awa. Da na sami wata motar na ɗaura ban duba ƙasa ba, ranar da ƙarfen nan zai ƙarasa ɓallewa yarana biyu ne a tsaye, ɗaya na turawa ɗaya na karɓa. 'Ya'yan mutane ne da aka ba ni amana. Ga shi babu murfin zarto, babu kuma siririn ƙarfen nan da ke tsaye a bayan faifai. Da yawanmu muna raina shi, wasu ma da kansu suke cirewa, alhali shi ne ke hana tsagar katako ta rufe ta matse zarto. In ta matse, haƙoran baya ne ke ɗaga katakon su wurgo shi ƙirjin mai turawa, kuma hannu kan bi shi zuwa kan faifai. Wanda ya sayar maka da inji a haka yana sane, bai damu ba ko ka rayu. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma a kan hatsin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa ya faɗa, balle abin da zai iya raba mutum da hannunsa.

Akwai kashi na biyu, kuma na faɗa cikinsa. Da na kira mai kayan bai yi faɗa ba. Salati ya yi ta yi, ya ce shi ma cutarsa aka yi, zai turo injiniyansa da wata motar, in dai tura 40,000 na hanya da kayan gyara. Mai neman ya fanshi asara ba ya lissafi da kyau. Na tura. Daga ranar layinsa bai sake shiga ba, shafin ma ya ɓace. Na sanar da dagacinmu, na kai rahoto ga 'yan sanda da banki da takardun POS ɗina, maganar tana hannunsu.

Ban ce kada a sayi tsohon inji ba. Har gobe na fi son tsohon zubin ƙarfe a kan sabon gwangwani. Amma kada sisinka ya fita sai ka tsaya a kansa da rana, an kunna shi, ka tsaga katakonka da ka zo da shi, mai tauri, ba ɓallin da mai kaya ya zaɓa ba. In babu wuta a inda yake, a kai shi inda take, ka biya kuɗin ɗaukar. Ya fi arha. Bar shi ya yi aiki kamar minti 20 sannan a kashe ka taɓa motar da wurin boris, zafin da hannu ba ya iya jurewa magana ce. Ka tafi da mai naɗin koyil naka, ba wanda mai kaya ya kawo ba. Ka tafi da maganaɗisun tsohuwar sifika ka bi jikin ƙarfen da shi, musamman ƙasa: inda aka cike da fila ba ya kamawa sosai. Ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, lafiyayyen zubi yana amsawa da ƙara, tsagagge kuwa muryarsa a dushe take. Inda ka yi shakka kankare fentin, shafa kananzir, goge, barbaɗa garin alli, in akwai tsaga za ka ga layinta ya fito a jiƙe. Sabon fenti a kan tsohon inji kansa abin tambaya ne. Ni yanzu na fi natsuwa da wanda tsatsarsa ke fili.

Karanta farantin kuma. Wutarmu 50Hz ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, injinan Amurka 60Hz ake yi musu, a nan gudunsu na raguwa, wasu ma na wuta 110 ne. Auna kaurin sandar tun kafin ciniki, domin ramin faifan da ya fi yawa na Turai milimita 30 ne, na Amurka kuwa 5/8 na inci, kada ka kai gida ka rasa zarton da zai hau. In mai kaya na nesa ne, ka ce ya kira ka ta bidiyo kai tsaye, ya rubuta sunanka da alli a jikin katako ya tsaga kana kallo. A rubuta ciniki a takarda gaban shaidu biyu, da sharaɗin mayarwa in aibi ya bayyana, kuma sunan asusu ya zama na wanda ke tsaye a gabanka.

Nawa injin yana nan a shago. Teburin da gindinsa na gaske ne, su kaɗai na tsira da su. An yi mini sabuwar sanda a Kano, na sa sababbin boris. Ƙarfen da ya tsage ne ban yarda in yi gaggawa a kansa ba, don zubin ƙarfe ba ya karɓar walda irin ta ƙofa da taga: sai an gasa shi tukuna, a yi da sandar walda ta musamman, a binne shi a toka ko yashi ya huce a hankali, in ba haka ba ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Na fi so in sami wani daga mataccen inji irinsa. In ya samu, da injin dizal irin na masu niƙa zan ja shi da bel, tunda wutar layi uku ba ta kusa da mu. Har zuwa lokacin na cire faifan na kulle a akwati.

Saurayin Gujungu bai riga ya tura komai ba, alhamdu lillahi, amma lambar da ke magana da shi daban ce da wadda ta yi magana da ni, sunan ma daban. Don haka kada ku dogara da suna ko lamba. Bidiyon za ku gane: injin kore ne a gaban bango mai shuɗin fenti, akwai jarka rawaya a hannun hagu, mai tsagawar ba a nuna fuskarsa, hannuwansa kawai ake gani. Labarin gwanjo, tafiyar gaggawa, da wani mai saye da ke jira duk suna nan yadda aka yi mini. Wanda ya ga wannan ya tura wa kafintocin garinsu, musamman waɗanda suka sayar da amfanin gona kwanan nan, kuma wanda aka riga aka karɓi kuɗinsa ya adana takardar POS da saƙonnin murya ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa da shi.