Tsawa ko komawa farko: idan kwikwiyo ya dawo da fitsari a cikin gida

Kwikwiyon da ya koyi fita waje kan koma ɓata gida, sau da yawa wajen wata 6, lokacin da yake fara balaga. Masu shi kan bi ɗaya daga hanyoyi biyu.

Wasu sukan yi masa tsawa, su dangwara hancinsa a fitsarin. Wannan ya fi sauƙi, amma kare ba ya haɗa hukunci da abin da ya yi tun ɗazu. Tsoronka kawai zai koya, gobe ya lallaɓa bayan kujera ya tsuguna.

Komawa farko kuwa akwai wahala. Ka fitar da shi da zarar ya farka, bayan cin abinci, da bayan wasa, kullum wuri ɗaya. Yana gamawa ka miƙa masa ɗan guntun nama nan take, kafin ku koma ciki. Inda ya ɓata a wanke sosai, ban da sabulu mai ammoniya, domin warinta kamar na fitsari ne, zai sake janyo shi. Ni dai wannan na zaɓa.

Idan yana yawan tsugunawa, fitsarin ɗan kaɗan ko da jini, kai shi wurin likitan dabbobi, ƙila ciwon mafitsara ne.