Aikin ido da leza: wata biyar kenan da na yi

Ni tela ne a Jekadafari nan Gombe. Shekara uku ina fama da ciwon kai, da zarar la'asar ta yi goshi ya dau zafi, zura zare a allura ya zama aiki, amma in an sa ni karanta allon haruffan nan na asibiti har layin kasa nake zubawa, sai a ce malam idonka garau, je ka sha fanadol.

Sai da na je wani asibitin ido a Abuja aka gano. Likitar ta ce kwayar idona ce ta dan gajarta, wata 'yar tsoka a ciki ke matse madubin ido dare da rana tana rufa asiri, da kuruciya ba ka ji, in ka doshi 40 ta gaji. Ta diga min maganin da ke kwantar da tsokar, na zauna kamar minti 40, awon karfin tabarau da idona ke bukata, wanda ya nuna +0.75 da farko, ya koma +2.75. Wallahi nan na yarda da su. Duk wanda zai maka leza, wato gyaran ido da wani haske mai karfi, bai diga maka wannan ba, ka dau takalminka, don rabin matsalar kawai ya auna. Kuma ba ta yi saurin karbar kudina ba, tabarau ta fara ba ni, sai da awon ya tsaya waje daya tukuna.

Aikin kansa ba zafi, lezar ko minti daya ba ta yi a ido guda, gefen fatar gaban ido take askewa tsakiyar ta kara tudu, sai dan kauri kamar an babbake gashi.

Inda suka ban haushi, ba wanda ya ce min makonnin farko nesa za ta yi dishi-dishi, sati uku kanina ke goya ni a babur. Ga bushewar ido, da hunturu ya shigo kamar an watsa min yashi, har yau maganin digawa na kan keken dinki. Kudin kuwa ba a magana.

Ciwon kan dai ya tafi, alhamdulillah. Amma ta fada min gaskiya, masu irin idona wani bangare na matsalar kan dawo, kuma tabarau na karatu na nan yana jirana in shekaru sun ja. Watan gobe zan koma su sake aunawa.