Katin dalar da na tafi da shi Umara: kwana huɗu na jin daɗi, kwana biyar na zullumi

Tun da muka dawo nake son rubuta wannan, sai na ce bari zuciyata ta huce tukuna, kada in zalunci kowa. Yau wata biyu ke nan, kuɗina sun dawo cif, amma har yanzu in na tuna wani kantin magani a Madina sai abin ya dawo mini sabo fil.

Shekarata 68, na yi ritaya daga koyarwa, kuma wannan ce tafiyata ta biyu zuwa ƙasa mai tsarki. Ta farko Hajjin 2009 ce, lokacin da guzurin mutum ke cikin lalita ɗaure a ƙugu, da ita zai kwana, da ita zai shiga banɗaki. A ɗakinmu na Makka a waccan shekarar wani dattijo ya dawo daga ɗawafi an yanke masa tasa da reza, ko kwabo ba a bar masa ba, sai karo-karo muka yi masa. Shi ya sa da babban ɗana ya ce wannan karon kati zai yi mini, ban yi gardama ba. Ya kai ni bankin da fanshona ke shiga, aka buɗe mini asusun dala, aka zuba guzurinmu ni da Hajiya, bayan kwana goma aka ba ni kati. Na faɗa musu baki da baki cewa Umara zan tafi da shi, har ma'aikacin ya ce in sa shi a addu'a. Katina na naira kuwa a gida na bar shi, domin tun 2022 da bankuna suka hana shi aiki a waje na cire shi daga lissafi, duk da cewa a 2025 wasunsu sun sake buɗewa da iyaka.

Hajiya ce ta tsaya kai da fata. Ta ce, "Malam, ni dai ba zan hau jirgi ba sai da 'yan kuɗi a jikina." Ta aika Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, aka canzo mata dala 200, ta haɗa da wasu 200 da ta daɗe tana ajiya, ta ɗinke su cikin shafin jakarta. Ni riyal 200 kacal na riƙe na kuɗin mota.

Gaskiya ɗaya ce, daga Litinin zuwa Alhamis katin nan ya burge ni. A kantunan da ke kewaye da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɗora shi kawai nake yi a kan na'ura, ta yi ɗan ƙara, shi ke nan. Ba sai na lalubo tabarau ina ƙirga takardu a gaban jama'a ba, ba kuma a cika mini aljihu da tsabobin canji. Lissafi ma ba wuya, tunda riyal 3.75 ne dala ɗaya, haka Saudiyya ta tsayar da shi tun 1986, abin da bankin ke ɗorawa a kai kuma bai kai ya ɓata rai ba. Ɗana ya riga ya gargaɗe ni cewa duk na'urar da ta tambaye ni da dala zan biya ko da riyal, in zaɓi riyal, domin in ka bar ta ta yi maka canjin da kanta, da tsada take yi. Na kiyaye. A cikin cunkoson fita daga sallar Isha'i nakan tuna dattijon nan na 2009 in ji sanyi a raina, domin ko an zare katin daga aljihuna, waya ɗaya ce a rufe shi. Har na kira wani aminina a Zariya na ce masa ya daina wahalar ɗaukar tsabar kuɗi.

Ranar Juma'a bayan Magariba na je na'urar ATM da ke kusa da otal ɗinmu in ciri riyal 1,000, saboda jibi za mu wuce Makka kuma na san akwai wuraren da sai kuɗi a hannu. Na sa kati, na danna lambar sirri a hankali. Na'urar ta yi wannan ƙarar ta ƙirga kuɗi, na miƙa hannu ina jira, bakin bai buɗe ba. Ta turo mini katina, allon ya koma yadda yake. Na tsaya kamar minti biyu ko za ta yi wani motsi, shiru. Na tsallaka titi zuwa wata, ta ƙi. Na gwada ta uku a ƙasan wani otal, ita ma ta ƙi. Ina hanyar komawa ɗaki sai ga kiran ɗana ta WhatsApp, domin alat ɗin asusun ta imel ɗin da yake duba mini yake shiga. Ya ce, "Baba, na ga an cire kusan dala 275, ka karɓi kuɗin?" Na ce ko takarda ɗaya ban gani ba.

A daren ban damu sosai ba, a zatona na'urorin ne suka sami matsala. Da safe na shiga kantin magani sayen maganin sukarina da man zafi na gwiwar Hajiya, kuɗin suka kama riyal ɗari da arba'in da ɗoriya. Na ɗora kati, ya ƙi. Mai kantin ya ce in zura shi in sa lamba, na sa, ya sake ƙi. Ya juyo mini da fuskar na'urar in gani da idona. A bayana akwai mutum shida ko bakwai a layi. Na zazzage aljihu, riyal 60 suka rage. Na fara tura man zafin gefe ina tambaya ko za a raba mini kwalin maganin, sai wani saurayi a bayana ya dafa kafaɗata ya ce da Hausa, "Baba, bar shi, ni zan biya." Mutumin Maraɗi ne. Na ce ya ba ni lambarsa in mayar masa, ya ce in yi wa mahaifiyarsa addu'a kawai, ya biya ya fita. Allah ya saka masa da alheri, ya ji ƙan mahaifansa. Amma shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati ban taɓa tsayawa a gaban kanti wani ya biya mini magani ba, sai ranar, alhali ina da sama da dala 1,500 a asusu da sunana.

Na koma ɗaki na kira lambar da ke bayan katin da layin Saudiyya. Danna ɗaya, danna uku, sai kiɗa. Kuɗin wayar suka ƙare kafin wani ya ɗauka. Na sauka na sayo wasu da cikin riyal 60 ɗin nan. A karo na biyu wata yarinya ta ɗauka, da Turanci mai sauri, ta tambaye ni ranar haihuwata, sunan mahaifiyata, da adadin sayayyar da na yi ta ƙarshe. Duk na amsa. Ta ce an rufe katin ne saboda an ga ana gwada shi a na'ura uku cikin ɗan lokaci a wata ƙasa, kwamfutarsu ta ɗauka ɓarawo ne. Wannan ban ƙi ba, tsaro ne, kuma da ɓarawon ne da na gode musu. Na ce to ga ni, ni ne, a buɗe. Ta ce za ta turo lamba zuwa layina na Najeriya in karanta mata. Layin nan kuwa tun a filin jirgi yaron da ya sayar mini da sim ya cire shi ya manna mini a jikin kwali, domin wayata mai layi ɗaya ce. Na sa Hajiya ta riƙe mini fitila, na ɓamɓaro shi da allura, hannuna na rawa, na mayar. Babu sabis ko ɗigo, ashe ba a buɗe masa aiki a ƙasar waje ba. Na sake kira, wani dabam ya ɗauka, muka faro daga ranar haihuwa. Ƙarshen maganarsa ita ce in je reshen da na buɗe asusun. Na ce masa ina Madina. Ya ce ya fahimta, amma sai dai in je reshe. Ranar Asabar ce, rassa a rufe suke har Litinin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk wannan ana iya kauce masa da magana ta minti biyu ranar da aka miƙo mini katin. A ce, Baba, ka tabbata layinka na gida zai yi aiki a can, domin ta nan za mu gane kai ne. A ce, in na'ura ta ƙi ka sau ɗaya, kada ka bi wasu kana gwadawa. Ba wanda ya faɗa. Takarda mai ƙananan rubutu aka tura mini aka nuna inda zan sa hannu.

Da na gama ba Hajiya labari ba ta ce komai ba. Ta ɗauko reza ta farke shafin jakar ta miƙo mini dala 400. A wurin 'yan canji takardun dala ɗari-ɗari biyun da aka canzo a Wapa suka wuce nan take, domin sababbi ne masu shuɗin zaren nan da aka fara fitarwa a 2013. Tsofaffin biyu kuwa na farko ya juya su ya mayar mini, na biyu ya karɓa amma ya rage farashi. A Amurka har gobe kuɗi ne masu aiki, amma ɗan canji ba ruwansa da wannan. Duk mai tsohuwar ajiya ya musanya ta tun a gida.

A daren Asabar ɗin ne muke da izinin shiga Rauda da aka yi mana ta manhajar Nusuk. Shekara goma sha shida ina marmarin sake tsayawa a wurin. Na kabbara sallah, ina cikin raka'a ta farko na kama zuciyata tana lissafin ko riyal ɗin da ke hannunmu za su kai mu ranar komawa. Na yi istigfari na dawo da ita, ta sake tafiya. Dala 275 an mayar mini, wannan daren kuwa babu fom ɗin da zan cika a dawo mini da shi.

Allah ya taimaka tikitin jirgin ƙasa na Haramain ɗana ya saya tun muna gida, cikin awa biyu da wani abu muka isa Makka. A can na ga iyakar kati ko da lafiyarsa ƙalau. Hajiya ba za ta iya sa'ayi da ƙafa ba, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya haura kilomita uku, mai tura keken da muka samu kuwa kuɗi a hannu ya nema. Haka mai aski, haka matan da ke sayar da tuwo da miyar kuka a unguwar Misfala, haka ɗan abin da mutum zai miƙa sadaka. Dabinon ajwa da muka yi niyyar saye a Madina a ranar ƙarshe bai samu ba, jikoki sai abin da muka tsinta a Makka.

Ranar Litinin ɗana ya je reshen, aka ce mai asusu kaɗai ake saurara. Ranar Talata ya koma ya zauna tun safe, sai wata ma'aikaciya ta ji tausayinsa. Ta kira ni ta bidiyo, Bahaushiya ce, ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Baba, yi haƙuri, ɗaga fasfo ɗinka kusa da fuskarka." Ta sa na rubuta wasiƙa da hannuna na sa hannu, aka ɗauki hotonta aka tura. Laraba kafin Azahar kati ya buɗe. Wannan baiwar Allah ta wanke bankin a idona sosai, har na ji zan iya yafe komai. Sai dai da na nutsu na ga ashe hanyar tana nan tun ranar Asabar, waya ce da fasfo da mutum mai son taimako. Me ya hana a ba masu amsa waya wannan ikon? Kuma ni na iya Turanci, ina da ɗa mai lokacin zaman banki kwana biyu. Tsohuwar da ta zo daga ƙauye ita kaɗai fa?

A farkon 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su daina biyan guzurin tafiya da tsabar kuɗi, sai ta kati. Da Hajjin 2025 ya matso aka so bi da alhazai ta wannan hanya, hukumar alhazai ta roƙa aka bar musu dala 500 ɗinsu a hannu. Lokacin da na ji labarin a rediyo cewa na yi an mayar da mu baya. Yanzu na janye maganata, waɗanda suka yi roƙon sun fi ni sanin alhazai.

Kuɗin da na'ura ta riƙe sai da na dawo na cika fom, na koma sau biyu, suka shigo bayan mako biyar. Ba wanda ya kira ya ba ni haƙuri, alat kawai ɗana ya gani. Na kira aminina na Zariya na warware abin da na faɗa masa, na ce ya yi katin, amma ya raba guzurinsa biyu, rabi a jiki cikin sababbin takardu da ƙananan riyal, ya sayi waya mai layi biyu, ya tabbatar an buɗe masa layin gida kafin ya tashi, matarsa kuma ta riƙe nata katin na wani banki dabam. Nawa yana cikin durowa tare da fasfo, da sauran shekara biyu kafin ya ƙare. Na rubuta wa manajan reshen wasiƙa mai shafi biyu, rabi yabon ma'aikaciyar nan, rabi abin da na faɗa a nan, na kai da kaina aka buga mata hatimin karɓa. Yau mako uku ke nan ina jiran amsa.