Noss ko Hermaness: wanne gaɓar teku ya fi cancanta a tsibiran Shetland?

Wanda ya isa Shetland, a arewacin Sukotland, yana son ganin duwatsun gaɓar teku, yakan tsaya tsakanin Noss da Hermaness. Dutsen tsibirin Noss na yashi ne da ya daskare tun zamanin da, tsayinsa ya kai mita 181, kuma iska da ruwa sun sassaƙa masa matakai kamar kantar ɗaki, inda dubban tsuntsayen teku da ake kira ganet ke sheƙa har kashinsu ya mayar da bangon fari fat. Sunan ma daga tsohon harshen mutanen Norwe ya fito, ma'anarsa hanci. Kusa yake da Lerwick, babban garin Shetland, ƙaramin kwalekwale ke kai mutane daga tsibirin Bressay lokacin bazara.

Hermaness kuwa yana can ƙarshen tsibirin Unst, sai an hau jirgin fito sau biyu, sannan a taka cikin fadama, wasu tsuntsayen teku da ake kira sukuwa suna kawo farmaki ta saman kai saboda ƙwansu. Dutsensa ya fi tauri kuma ya fi tsufa. Ni dai Hermaness nake fifitawa, domin a Unst ne kufan gidajen Bikin, wato matuƙa teku 'yan Norwe na zamanin da, suka fi yawa, kuma Shetland ta kasance a hannun sarautar Norwe har 1469.