Lambar tes ko ta manhaja: wacce ta fi tsare imel ɗin ofis?

Malama, kin ce ofishinku ya ƙara muku mataki na biyu wajen shiga imel ɗin aiki, an kuma ba ki zaɓi: ko a riƙa turo miki lamba ta tes, ko ki sauke manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Ni dai manhajar nake ba ki shawara.

Lambar tes layi take bi. Duk wanda sim ɗinki ke hannunsa, shi za ta je wa. Wata abokiyar aikina an fizge mata waya a cikin Keke Napep wajen Kawo da magariba. Wayar a kulle take, amma ɓarawon bai ma wahalar da kansa ba, sai ya zare sim ɗin ya sa a wata 'yar ƙaramar waya. Kafin gari ya waye ta je ta rufe layin, an riga an canza kalmar sirrin imel ɗinta, an kuma tura wa masu hulɗa da mu saƙo da sunanta wai an sauya lambar asusun biyan kuɗi. Har yau in na tuna yadda ta zauna tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri, sai raina ya ɓaci. Wasu ma ba sai sun taɓa wayarki ba, walkam bak za su yi wa layinki da bayanan ƙarya. In dole tes ɗin za ki yi amfani da shi, to don Allah ki sa wa sim ɗin kansa lambar sirri.

Ita manhaja, a cikin wayar take ƙirƙiro lambobi shida, suna canzawa duk sakan 30. Ba ruwanta da sabis ko data, kuma sace sim ba ya kai ɓarawo gare ta. Amma tana da tata matsalar: ranar da waya ta ɓace kina iya rasa hanyar shiga. Shi ya sa lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa lokacin saiti, ki rubuta su a takarda ki adana a gida.

Sai dai akwai inda duka biyun ke gazawa, kuma nan ne aka fi cin mutane. Saƙo zai zo wai daga sashen kwamfuta, akwatinki ya cika, za a rufe shi yau. Ki latsa, shafi ya buɗe sak na ofis, ki rubuta kalmar sirri, ki ƙara da lambar. A daidai wannan lokacin macucin yana can yana shigar da su a shafin gaske. Sakan 30 ya ishe shi. Don haka kar ki shiga ta mahaɗin da ya zo a saƙo, ki rubuta adireshin da hannunki. Wanda kuma ya kira ki yana cewa ki karanto masa lambar, ko da muryar oga ce, ki katse ki kira lambarsa da kika sani.

Abin da ke toshe wannan ƙofar shi ne ɗan makullin da ake sakawa a jikin kwamfuta, irin YubiKey, domin shi yana tantance adireshin shafin da kansa, ba ya amsa wa na bogi. A 2018 kamfanin Google ya ce tun da ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 irin wannan makulli a farkon 2017, ba a samu tabbacin sace asusun aikin ko mutum ɗaya ba. Ki tambayi mai kula da kwamfutocinku ko za su saya wa masu taɓa kuɗi, ko da akanta da mai biyan albashi ne kawai. Kafin nan, ki sauke manhajar yau.